Yumɓun da Ba Ya Son Ƙarfe

Idan kana so ka ɓata wa Alhaji Tahir rai da sassafe, to ka tambaye shi labarin ramin da ke bayan gidansu. Mutum ne mai fara'a, ɗan kasuwar hatsi da ake ji da shi a Dawanau, wanda ko taka shi aka yi a cunkoso shi zai fara ba da haƙuri. Amma da an ambaci ramin nan sai ka ga ya haɗe fuska ya shiga gyara zaman hularsa.

Ramin ba wani abin kallo ba ne. Yana ƙarshen gonarsu ta gado, a wani ƙauye kusa da Makoda, inda gonaki suka matsu har ba ka gane iyakar wani da ta wani sai da layin gamba. Faɗinsa bai fi tsakar gida ba, zurfinsa iya ƙirjin mutum. A ƙasansa ake samun wani farin yumɓu mai santsi, wanda mahaifiyar Alhaji, tsohuwar da kowa ke kira Inno, ta shekara arba'in tana gina tukwane da shi. Da roba ta kashe kasuwar tukwane, Alhaji ya ɗauka an gama da ramin ke nan. Ashe bai gama sanin tsohuwarsa ba.

Inno ta koma kiwon kaji da raguna, tana ciyar da su dusa da tunkuza. Duk sanda za ta haɗa musu abinci sai ta ɓantari yumɓun nan ta marmasa a ciki, ta ce yana kama dafin da ke cikin gyaɗar da ta yi fumfuna. Wata shekara da ruwa ya yi wa gyaɗa dukan ƙarshe a gona, kajin unguwar suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na Inno kuwa ko gyangyaɗi ba su yi ba. Tun daga nan matan unguwa ke zuwa da ƙoƙonsu roƙon yumɓu. Kuma abin yana da doka: ƙarfe ba ya taɓa shi. Ba a haƙarsa da fartanya, ba a zuba shi a kwano, ba a motsa shi da cokali. Da turken itace ake haƙa, a ƙwarya ake ɗiba. Inno ta ce haka ta gada wurin uwarta, yumɓun nan ba ya son ƙarfe.

Alhaji yana son mahaifiyarsa, wannan babu ja. Sai dai a ganinsa duk camfin tsofaffi ne, shi kuma sito yake so ya gina. Wurin yana daidai bakin hanya, mota za ta tsaya ta ɗauki gero da wake ba sai an sha wahalar amalanke ba. Ya auna filin da ƙafa ya fi sau goma. Abu ɗaya ne ya tsayar da shi, ba zai iya kallon idon Inno ya ce zai cike mata rami ba. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ya yi wayo bai taɓa jin ta kama sunansa ba, bai kuma taɓa jin ta ce masa ɗanta ba. Yana yaro "kai" take ce masa, ko "yaron nan". Da maganar ginin ta taso sai ta raɗa masa Mai Sito, har jikoki suka ɗauka suna yi a bayan idonsa.

Zulfa ce ta kawo mafita. Ita ce 'yar Alhaji ta biyu, ta karanta ilimin sinadarai, tana digiri na uku a wata cibiyar bincike can wajen Abuja. Ta zo ƙaramar Sallah ana tsakiyar zafin bazara, ta tarar ana ta maganar nan a kaikaice kamar kullum, uwa na faɗa wa bango, ɗa na amsa wa tabarma.

Ta ce, "Baba, wannan ai abu ne da za a iya dubawa. Dafin gyaɗar nan sananne ne, muna da shi a ɗakin gwaji. Kuma akwai na'ura a wurinmu ana ce mata NMR. Aikina ke nan kullum, in duba yadda abu ke mannewa a jikin ƙananan ƙwayoyi."

Alhaji ya ce, "Wato injin zai ga dafi yana kama ƙasa?"

"Ba gani yake yi ba, Baba, saurare yake yi. Wani ƙaton maganaɗisu ne, ya fi ka tsayi. Sai in zuba dafin a ruwa cikin wata siririyar kwalba, kaurinta bai kai na fensir ba, in zura a tsakiyarsa. Injin ya aika igiyar rediyo ta daki ƙwayoyin dafin, su kuma su amsa, kowane sashe na jikinsu da irin muryarsa. Muryoyin nan ne kwamfuta ke zanawa layi-layi. Idan ƙwayar dafi tana yawo sakaka a ruwa tana juyi, layinta kan miƙe tsaye siriri. Idan ta manne a jikin ƙwayar yumɓu ba ta iya juyi yadda ta saba, sai layin ya baje ya kwanta."

Inno ta taɓe baki ta ce, "Ke 'yar boko, faɗi gaskiya, injin naki kunne gare shi?"

"Ya ma fi naki ji, tsohuwa."

"Ja'ira. Ni da nake jin sanɗarki idan za ki satar mini ƙuli."

Alhaji dai ya ga ƙofa ta buɗe. Ya gyara murya ya ce to a yi haka: idan injin ya tabbatar yumɓun yana kama dafi, rami ya zauna har abada, shi ya haƙura da sito. Idan bai tabbatar ba, za a cike shi kafin ruwan farko. Inno ta juya wajen matarsa Hajiya Sakina ta ce, "Ki gaya wa Mai Sito na yarda."

Zulfa ta koma aiki, ta bar saƙo a aiko mata yumɓun kamar yadda Inno ke amfani da shi. Kwana huɗu tsohuwar ta yi tana shirya shi. Rana ta biyar ta aiko wa Alhaji ƙunshi a tsohon zani, ya kai tasha a ba direba.

A Dawanau ya kwance ƙunshin don ya sake masa ɗauri. Curi uku ya gani, busassu, duk sun tsattsage, ga shatin yatsun Inno a jikinsu. Nan take ya hango 'yarsa cikin farar riga, farfesoshi kewaye da ita, tana kwance wannan tsumma. Ransa ya sosu. Ya ce a zuciyarsa wallahi ba za a yi wa 'yata dariya ba. Ya naɗe ƙunshin ya nufi rumfar Muhammadu Sani mai injin niƙa.

Muhammadu Sani ya ce, "Ƙasa, Alhaji? A injin hatsi?"

"Ƙasar Dakta ce. Ka share injin sosai, ka ɗaure shi tamau, so nake ta fito kamar hoda."

Sau uku aka bi da ita, fayafayan ƙarfen injin na ƙara kamar za su cinye juna. Ta kuwa fito luƙui. Alhaji ya sayi sabuwar roba mai murfi ya juye, ya rubuta sunan Zulfa a kai da manyan baƙaƙe. A yi masa adalci, ba da niyyar cuta ya yi ba. Dokar ƙarfen nan ko kusa ba ta faɗo masa a rai ba, don tun yana yaro ya jefa ta cikin shirmen da ba ya tsaya masa a kai. Ya koma gida ranar yana jin daɗin kansa, bai gaya wa kowa ba.

Injin ɗaya ne a cibiyar, masu bincike kuma da yawa, layi ake bi. Sai da aka yi wata guda Zulfa ta dawo gida da kwamfutarta. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, Inno a tsakiya, Hajiya Sakina a gefenta, Alhaji a kan kujera yana kaɗa ƙafa kamar abin bai dame shi ba.

Zulfa ta buɗe hoton farko. Layuka ne tsaitsaye kamar karan dawa bayan girbi, wasu dogaye wasu gajeru. Ta ce, "Wannan dafin ne shi kaɗai a ruwa." Ta danna, hoto na biyu ya fito. "Wannan kuma bayan na zuba ɗan yumɓun."

Babu layi ko ɗaya a tsaye. Duk sun baje sun kwanta.

Hajiya Sakina ta tafa hannu ta ce, "Allahu Akbar! Inno, kin ci!" Tsohuwar ta yi murmushin da ya nuna haƙoranta ukun da suka rage. Alhaji ya ji sitonsa ya rushe tun ba a kafa tubali ba. Yana haɗa kalmomin da zai miƙa wuya da su ba tare da ya zubar da girma ba, sai ya ji Zulfa ta ce, "Ni ban yarda da hoton nan ba."

Kowa ya juyo.

"Baba, idan za ka auna hatsi a sikelin da ba naka ba, me kake fara yi?"

"In ɗora dutsen da na san nauyinsa."

"To ni ma ina da nawa dutsen. A kowace kwalba ina zuba wani sinadari da na san ba ya manne wa yumɓu ko kaɗan. Shaida nake ce masa. Ga layinsa nan a hoton farko, wannan dogon na gefen dama. Ko dafi ya manne ko bai manne ba, shi dole ya tsaya. To ku duba, shi ma ya kwanta. Wato ba mannewa muke gani ba, wani abu ne a cikin kwalbar ya toshe wa injin kunne gaba ɗaya. Na maimaita sau biyu, haka. Ban san mene ne ba. Hoton nan bai ce e ba, bai ce a'a ba."

Murmushin Inno ya tafi. Ta dubi jikarta, ta ce a hankali, "Ashe har da ke." Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule.

Alhaji ya kasa ɗauke ido daga kan 'yarsa. Yarinyar nan a ɗakin Inno ta tashi, a bayanta ta yi barci har ta tafi makarantar kwana, duk duniya babu wanda take so kamar tsohuwar nan. Kuma duk faɗin ƙasar Makoda babu mai iya karanta layukan nan sai ita. Da ta rufe kwamfutar ta yi shiru, shi ke nan, rami ya tsira, kowa ya yi murna. Shi da ya shekara talatin a kasuwa ya ga manyan mutane masu gemu suna rantsuwa a kan mudun da suka san an bubbuge masa gindi. Ga 'yar da ya haifa, idonta cike da hawaye, ta ƙi karɓar nasarar da aka miƙo mata don dutsenta bai yi daidai ba. Wani irin alfahari ya cika masa ƙirji, har da ɗan tsoronta a ciki.

Amma fa ɗan kasuwa ne. Ya yi gyaran murya ya ce yarjejeniya dai ita ce idan inji ya tabbatar, inji kuma bai tabbatar ba. Washegari da hantsi tifa ta zo ta juye jar ƙasa lodi guda a leɓen ramin, ƙura ta turnuƙe unguwar. Sauran lodi biyar aka ce sai jibi.

Inno ta fito daga ɗaki bayan ƙurar ta lafa. Ko kallon wajen tulin ba ta yi ba. Ta ce wa Zulfa, "Ke, in akwai ragowar yumɓun nawa ki ba ni abina. Ba zan bar shi a hannun waɗanda ba su san darajarsa ba."

Zulfa ta ɗauko robar daga jakarta ta miƙa mata. Tsohuwar ta buɗe murfin ta tsaya. Ta ɗebi garin ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci, ta ɗan ɗora a harshe, ta tofar.

"Wannan ba aikin hannuna ba ne. Curi uku na aika, ba gari ba. Wa ya kai shi ga ƙarfe?"

Alhaji yana bakin zaure zai fita, makullin mota a hannu. Ya tsaya cak.

Zulfa ta ce, "Ƙarfe?" Ta zabura ta shiga ɗakin Inno, ta fito da tsohuwar rediyon marigayi kakanta wadda ta daɗe da lalacewa, ta ɓalle bayanta ta ciro maganaɗisun lasifika. Ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta baza garin a faifai, ta dinga bi a kai a hankali. Da ta ɗago ƙyallen, ga wani baƙin gashi-gashi ya yi cirko-cirko a jiki.

"Garin ƙarfe ne. Innalillahi! Baba, ko ɗan wannan ya shiga kwalba ya isa ya hargitsa maganaɗisun injin, duk layukan su kwanta. Mu ko makulli ba ma shiga da shi ɗakin. Ni da na ga gari mai laushi na ɗauka Inno ce ta daka a turmi. Laifina ne da ban tambaya ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ce ta karya Alhaji. Ya dawo tsakar gida, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya faɗi komai: tsohon zanin, farfesoshin da ya hango, injin Muhammadu Sani, sau uku. Hajiya Sakina ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Inno ta dube ta ta ce, "Ki tambayi Mai Sito, shekara nawa yana jin ina cewa ba a kai shi ga ƙarfe?"

Alhaji ya ce da ƙaramar murya, "Hamsin da ɗoriya."

Ya buga waya ya dakatar da sauran tifofin. Ranar bai je kasuwa ba, ya ce kansa ke ciwo, amma gaskiyar ita ce so yake ya ga aikin nan da ya yi shekara hamsin yana wucewa ta gefensa. Inno ta sauka ramin da turkenta, Zulfa na riƙe da hannunta. Ta wuce ƙasar sama, ta wuce mai ruwan toka, sai da ta kai wata jijiya fara sannan ta fara ɗiba. Ta jiƙa a kwatarniya, ta dama da hannu har ya zama kamar kunu, ta bar shi. Tsakuwa da yashi suka fara kwanciya. Ta tsiyaye ruwan saman mai fari-fari cikin kwatarniya ta biyu da ludayin duma, ta sake barinsa, ta sake tsiyayewa cikin ta uku. Na ukun nan, wanda sai ya kwana yake kwanciya, shi ne nata.

Zulfa ta durƙusa tana kallo baki buɗe. Ta ce, "Inno, kin san abin da kike yi kuwa? Raba manyan ƙwayoyi da ƙanana kike yi. Mu da inji mai juyi muke yin wannan. Ƙananan nan su suka fi yawan jikin da abu zai manne."

"Mu da kwatarniya muke yi."

"Shi kuma ƙarfen, me ya sa kakarmu ta hana?"

"Ke ma dai da tambaya. In ƙarfe ya shiga, ranar da aka gasa tukunya sai ta fito da baƙaƙen ɗigo kamar mai ƙyanda. Wa zai sayi farar tukunya mai ƙyanda?"

Zulfa ta yi dariya har da hawaye, ta rungume tsohuwar, ita kuma tana ture ta tana cewa za ta ɓata mata aiki. Alhaji na tsaye daga nesa. Ashe dokar da ya ɗauka camfi ce, gwaji ne da wasu mata suka yi a bakin wuta tun kafin a haifi kakansa, suka riƙe sakamakon ba tare da takarda ba. Kunya ta kama shi sosai.

Ranar da Zulfa za ta tafi da sababbin curinta, a cikin tsohon zanin nan dai, ta tsaya da shi a bakin mota. Ta ce, "Baba, jar ƙasar nan da aka juye, abin da ya sa ta yi ja tsatsar ƙarfe ce. Idan ruwan sama ya wanke ta cikin ramin, yumɓun ya lalace ke nan, ko ba a cike shi ba. Layina a injin sai nan da sati uku. Don Allah a kwashe ta."

Da ya ce to, da an huta. Amma mutum ne da aka kunyata a gaban matarsa, kuma girman kai bai gama sakinsa ba. Ya ce, "Magana ɗaya na yi. In injinki ya yi magana kafin ruwa, da hannuna zan kwashe. In ruwa ya riga shi, haka Allah ya so."

Sati ukun nan Alhaji bai ji daɗinsu ba. Shi da ke fita kallon gabas da murna kamar kowane manomi, yanzu in ya ga gajimare sai gabansa ya faɗi. Sau biyu hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi, sau biyun kuma ya kama kansa yana hamdala. Ya rasa gane wa yake goyon baya. Inno ba ta roƙe shi ba, ba ta aika a roƙe shi ba. Ta dai jera fasassun tukwane a tsakanin tulin da ramin, abin da ko yayyafi ba zai tare ba. Duk sanda ya wuce ya ga jerin nan sai ya kawar da kai.

Ranar wata Talata bayan azahar yana rumfarsa a Dawanau, 'yan dako na sauke wake, wayarsa ta yi ƙara. Hoto ne ya shigo, kiran Zulfa na biye da shi. Kafin ta yi magana ya buɗe hoton, kuma abin da ya ba shi mamaki, idonsa bai nemi layukan dafi ba. Gefen dama ya fara dubawa. Shaida na nan tsaye, dogo, siriri, bai ko rusuna ba. Sannan ya dubi sauran. Sun faɗo, sun baje, mafi tsayinsu bai kai gwiwar yadda yake a da ba.

Zulfa ta ce, "Baba, ka gani? Yana kamawa. Sau uku na yi. Duk sanda na ƙara yumɓu, layukan dafin su ƙara kwanciya, shaida kuma yana nan. Amma ka ji, a cikin kwalba ne fa. Ban ce haka yake yi a cikin rago ba tukuna, wannan wani aikin ne daban, kuma kada kowa ya ce zai ci gyaɗa mai fumfuna don..."

Alhaji ya fashe da dariya. "Ke dai ba za ki taɓa iya kasuwanci ba. Allah ya yi miki albarka, Zulfa. Allah ya yi miki albarka."

Ya ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, kuma wannan karon iskar da ke kaɗa buhunan banza tana da sanyi da ƙanshin ƙasa. Ya bar rumfa a buɗe, ya faɗa mota. A hanya ya kira Hajiya Sakina ya ce ta shiga gida-gida, duk wadda ta taɓa cin amfanin ramin nan ta turo mijinta da shebur.

Da ya isa, bayan gidan ya cika. Maza na loda jar ƙasa a baro da amalanke, mata sun yi layi da daro a ka, ana kaiwa can bakin hanya ana zubarwa. Alhaji Tahir, mai rumfa a Dawanau, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya naɗe ƙafar wando ya karɓi shebur. Rabonsa da irin wannan aiki tun yana saurayi. Kafin a jima tafin hannunsa ya yi bororo, numfashinsa na fita da ƙyar, wani maƙwabci ya ce ya huta, ya ce ba zai huta ba, shi ya ce da hannunsa.

An yi tsawa ta farko tulin ya rage kaɗan. An yi ta biyu saura jan shafe-shafe a leɓen ramin, daidai inda farin yumɓun ya leƙo. Alhaji ya ɗaga shebur zai kankare, sai ya tsaya da shi a sama. Ya juya ya miƙa wa na bayansa. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya ɗauki wata sakaina daga tarkacen Inno, ya shiga kankare jar ƙasar a hankali yana tarawa a gaban rigarsa.

Ɗigon farko ya faɗo masa a ƙeya, mai nauyi. Mutane suka fara gudu da darukansu a ka. Bai tashi ba sai da ya bi leɓen ramin kaf, ya ga babu sauran ja.

Da ya miƙe ruwa ya riga ya sauko sosai. Inno na tsaye a ƙofar baya, ta rufa da wani tsohon buhu, ba a san tun yaushe take wurin ba. Ta dube shi daga hular da ta jiƙe har ƙafafun da suka yi jawur. Sannan ta juya cikin gida, ta ɗaga murya yadda ruwan ba zai danne ta ba.

"Sakina! Ɗora wa ɗana ruwan wanka."

Alhaji ya tsaya cikin ruwan da sakaina a hannu, ya kasa ɗaga ƙafa.